Minti Biyar na Farko: Wa Zai Tare Wuta a Shagunan Tambuwal da Kebbe?

Ranar Talata 19 ga Janairun 2021 wuta ta kama a babbar kasuwar Sakkwato, ta shafe sa'o'i tana ci, ba ta lafa ba sai da ta lashe wani babban sashe na kasuwar. 'Yan tiredar Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe ba labari kawai suka ji ba, domin da yawansu can suke sarin kaya, kuma iyayen gidansu na kasuwa ne abin ya rutsa da su. Wata biyu bayan haka babbar kasuwar Katsina ta bi sahu. Kafin su, a Maris ɗin 2016, kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone cikin dare, shaguna fiye da 3,000 suka salwanta. Bayan su kuma, ranar 26 ga Fabrairun 2023, kasuwar Monday Market ta Maiduguri ta kama da tsakar dare.

Duk waɗannan kasuwanni a manyan biranen jihohi suke, inda 'yan kwana-kwana ke da ofis da motoci da ma'aikata, amma wutar ta yi ɓarnarta. To ina ga Tambuwal, mai nisan kusan kilomita 100 daga Sakkwato a kan hanyar Jega? Balle Kebbe da ke can ƙuryar kudancin jihar, kan iyaka da Zamfara da Kebbi, balle kuma Kuchi ko Ungushi, inda matsalar tsaro ta sa tafiyar dare kanta sai an yi shawara. Motar da za ta taso daga birni ba za ta iso ƙasa da sa'a guda ba, kuma abin da za ta tarar toka ce. Ko da motar a cikin gari take kwana, sai an ga wutar, an kira, an tada direba, an tabbatar akwai mai a tanki da ruwa a baya. Wuta ba ta jiran wannan duka.

Wutar da ta kama cikin rufaffen ɗaki tana da yadda take girma. Da farko 'yar ƙarama ce, bokitin ruwa ko na yashi ya ishe ta. Hayaƙinta mai zafi sai ya hau sama ya taru ƙarƙashin rufi, ya riƙa gasa duk abin da ke ƙasa. Da zarar zafin saman ɗakin ya kusanci digiri 600 a ma'aunin Salshiyas, sai komai na ciki ya kama lokaci guda, ko da harshen wuta bai taɓa shi ba. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka sun nuna ɗakin da ke cike da kayan zamani, irin su soso da roba, yana iya kai wa wannan mataki cikin ƙasa da minti biyar. Duba abin da ke cikin shagunanmu yau: katifa, robobi, leda, takalman roba, yadi, kwalaye, man girki, turare. Ga kuma ƙofar ƙarfe mai kwaɗo uku. Abin da mai shago ya tanada don ɓarawo shi ne zai hana maƙwabta shiga taimako, kuma kafin a samo guduma a fasa, an wuce wurin. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: mene ne zai tare wutar daga cikin shagon, cikin dare, babu kowa a wurin?

Amsar da duniya ta samu ta haura shekara 150. A 1874 wani Ba'amurke mai masana'antar kayan kiɗa a birnin New Haven, Henry Parmelee, ya ƙera kan feshin ruwa da zafi ke buɗewa don ya kare masana'antarsa. A 1881 Frederick Grinnell ya fito da nasa wanda ya fi saurin jin zafi, kuma shi ne kakan waɗanda ake amfani da su yau. Tsarin ba shi da wani siddabaru. Ana shimfiɗa bututun ƙarfe a ƙarƙashin rufi, a cika shi da ruwa mai ƙarfin turi. A jikin bututun, tazara-tazara, akwai kawunan feshi, kowanne an toshe bakinsa da 'yar murfi wadda wata siririyar kwalba ke tokare da ita. Cikin kwalbar akwai wani ruwa mai kumbura idan ya ji zafi. Wuta ta kama, zafi ya hau sama, kwalba ta fashe, murfi ya faɗi, ruwa ya fito ya bugi wani faifan ƙarfe ya watsu kamar ruwan sama. Babu lantarki, babu kwamfuta, babu wanda zai danna wani abu.

Mutane da yawa suna zaton da zarar na'urar ta tashi, dukkan kawunan ne za su buɗe su jiƙa ginin baki ɗaya. Ba haka ba ne. Kan da zafi ya kai gare shi ne kawai yake buɗewa, sauran suna nan a rufe. Hayaƙin turaren wuta ko na sigari ba ya buɗe shi. Ƙungiyar NFPA ta Amurka, wadda ta fitar da ƙa'idar farko ta kafa wannan na'ura tun 1896, tana tattara alƙaluman gobara a ƙasar, kuma sun nuna na'urar tana tashi a gobara tara cikin goma da suka kai girman tada ta, sannan a mafi yawansu kai ɗaya tak ke buɗewa ya tare wutar. Mai siton shinkafa ko gero ko sukari yana da hujjar tsoron ruwa, amma ya auna: kai ɗaya yana zubar da lita 60 zuwa 100 a minti a kan 'yan buhunan da ke ƙarƙashinsa, tiyon 'yan kwana-kwana kuwa yana zubar da ɗaruruwan lita a minti a kan abin da wuta ta riga ta gama da shi. Jiƙaƙƙen buhu ana shanya shi. Wanda ya ƙone sai dai a share wurin.

Da a nan zancen ya tsaya, da sai mu ce kowa ya je Kano ko Legas ya sayo. Amma waɗanda suka tsara wannan na'ura sun tsara ta ne don garuruwan da ruwan famfo ke zuwa da ƙarfi dare da rana, lantarki bai ɗaukewa, rufi ba ya gasuwa, kuma akwai mai zagayowa dubawa. A kudancin Sakkwato ko ɗaya cikin waɗannan ba a ɗauke shi tabbas ba. A ganina duk wanda ya zo tallar na'urar bai fara da wannan magana ba, ciniki kawai ya kawo shi.

Ruwa shi ne kan gaba. Ƙa'idar Turai ta manyan kantuna ta ce a tanadi lita 5 a kowane murabba'in mita a minti guda, a kan fili mai murabba'in mita 216, har tsawon sa'a ɗaya. In ka lissafa, lita 64,800 ke nan, kusan tankar mai biyu masu ɗaukar lita 33,000. Babban sito ko masana'antar casar shinkafa da ke son cikakkiyar kariya, irin wannan tanadi ne a gabanta, kuma in kaya masu saurin ci ne aka jibge su sama, ya fi haka. Babu amfanin ɓoye wannan. Sai dai yawancin shagunan Tambuwal da Kebbe ba manyan kantuna ba ne, jerin ƙananan ɗakuna ne na bulo, kowanne bai wuce mita uku da huɗu ba. Kan feshi ɗaya yana rufe fili har murabba'in mita 12, wato kai ɗaya ko biyu sun ishi shago guda. Ƙa'idojin kansu sun yarda a yi lissafi bisa ɗaki mafi girma, muddin bangon da ke raba ɗakunan yana iya tare wuta. Kai huɗu da suka buɗe tare suna shan kusan lita 300 a minti, wato lita 10,000 za ta riƙe su rabin sa'a. Wannan adadi ne da ƙungiyar 'yan kasuwa za ta iya kallo ba ta ja da baya ba.

Sharaɗin bangon nan kuwa a nan gine-ginenmu suke faɗuwa. Magini yana tsayar da bangon tsakanin shaguna daidai silin, ya bar sararin da ke tsakanin silin da kwano a buɗe tun daga shagon farko har na ƙarshe, ga katako busasshe, ga wayoyin lantarki suna kwance a kai. Ta nan wuta ke gudu ta faɗa wa shagon da ke nesa alhali ƙofarsa ko ɗumi ba ta yi ba. Silin ɗin roba da ya zama yayi ya ƙara dagula lamarin, don narkewa yake yana ɗigo da wuta kan kaya. Ƙarin layin bulo uku ko huɗu a kai bango har ya taɓa kwano bai kai kuɗin ƙofar ƙarfe ba, kuma in babu shi, lissafin lita 10,000 ɗin can ya rushe.

Sai abin da zai tura ruwan. A birane ana sa injin turi na lantarki da wani na dizal a gefe don ko-ta-kwana. A nan, wutar kamfanin Kaduna Electric ba abin jingina rai ba ce, kuma ko da akwai ta, abu na farko da mutane ke yi in gobara ta tashi shi ne yanke layi, wanda daidai ne. Injin dizal kuwa yana son batir mai rai, da mai a tanki, da mai tada shi kowane mako. Abin da ba ya ɗaukewa shi ne nauyin ruwa in yana sama. Masaƙun auduga na Lankasha a Ingila, waɗanda suka rungumi na'urar Grinnell tun wajen 1883 ta hannun kamfanin Mather & Platt na Manchesta, da tanki a kan hasumiya suka dogara, kuma har yau ana ganin hasumiyoyin a tsofaffin gine-ginen. Kan feshi na gama-gari yana ba da kusan lita 80 a minti idan tanki ya ɗara shi da mita 10. In tazarar ta sauko mita 5, ruwan ya koma wajen lita 57, kuma nan ne iyakar abin da za a kira feshi. Sannan tsawon bututu da lanƙwasarsa suna cin wani abu daga ƙarfin. Ke nan tankin da aka ɗora kan ɗan gajeren ƙarfe a bayan shago ba zai yi ba. Ana son hasumiya ta gaske.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne wannan hasumiya ba baƙuwa ba ce a garuruwanmu. Rijiyar burtsatse mai sola da tanki a sama tana cikin ayyukan da ƙananan hukumomi da 'yan majalisa da ƙungiyoyin agaji suka fi yi a yankin. Abin da ya rage shi ne a haɗa tunanin biyu: idan za a haƙa wa kasuwa rijiya, a ɗaga hasumiyar, a faɗaɗa tankin, a fitar da bututun ruwan sha da alwala daga tsakiyar tankin, na kashe gobara kuma daga gindinsa. Komai yawan ɗiba, rabin ƙasa yana nan ba ya taɓuwa. Kuma tun da mutane na amfani da tankin kullum, ranar da injin jawo ruwan rijiyar ya lalace za a sani a ranar, ba sai daren gobara ba. Bututun ya zama na ƙarfe. Farin bututun roba na aikin famfo yana laushi ya fashe tun wuta ba ta yi nisa ba. A kuma sa matata, saboda yashin rijiya yana toshe kawunan.

Akwai wani batu da ba a cika kula da shi ba, alhali ya shafi Sakkwato fiye da kusan ko'ina: launin 'yar kwalbar nan. Launin ba ado ba ne, shi ke nuna zafin da take fashewa. Ruwan lemo digiri 57, ja 68, rawaya 79, kore 93, shuɗi 141. Ja ita ce ta fi yawa a kasuwa domin ita ce ta ofisoshi da otal-otal masu na'urar sanyaya ɗaki. Ƙa'idar Amurka ta ce irin wannan ta wurin da zafin samansa bai wuce digiri 38 ba ce, ta Turai kuma ta ce a bar ratar digiri 30 tsakanin zafin wurin da na kwalbar, kuma duk abu ɗaya suke faɗa. A watan Afrilu zafin inuwa a ƙasar Sakkwato yana haura digiri 40. Ƙarƙashin kwanon rufaffen shago da azahar ya fi haka nesa ba kusa ba. Jar kwalba a irin wannan wuri tana shan gashi shekara da shekaru, ta raunana, wata rana ta saki ruwa babu wuta. Sau ɗaya hakan za ta faru a kan atamfar wani, gari duka ya yanke hukunci cewa na'urar ɓarna ce, a rufe ta. Rawaya ko kore ce ta wurinmu, gwargwadon rufin, kuma ya kamata a rataya ma'aunin zafi a saman shagon cikin bazara a ga abin da ya nuna kafin a yi oda.

Ƙurar hunturu ma tana da nata. Tana lulluɓe kwalbar ta rage mata jin zafi, kamar yadda fenti ke yi in mai fenti ya bi ta kanta. Sannan ɗabi'ar jibge kaya har silin: feshi yana buƙatar sararin kusan rabin mita a ƙarƙashinsa don ya buɗe. Ɗan kasuwar da ke biyan haya yana ganin wannan sarari asara ne, amma in kwali ya tokare kan feshin, kwalin kaɗai zai jiƙa.

Na ƙarshe shi ne hannun mutum, kuma shi na fi jin tsoro. Alƙaluman NFPA sun nuna cewa a inda na'urar ta ƙi tashi, dalili mafi yawa shi ne wani ya rufe bawul ɗin ruwa tun kafin gobarar, ya manta ko ya ƙi buɗewa. Wannan a ƙasar da ke da masu bincike da tarar kotu ke nan. A wurinmu dalilan rufewa sun fi yawa: wani haɗi yana ɗiga a kan kayan wani, ko bazara ta yi tsanani ana sayen jarka da tsada ga ruwa zaune a sama. Maganin ba na fasaha ba ne. A ɗaure bawul ɗin da sarƙa da kwaɗo a buɗe, makulli ɗaya wurin Sarkin Kasuwa ko shugaban layi, ɗaya wurin mai gadi don ya rufe bayan an tabbatar wuta ta mutu. A sa mutum guda sananne, da ɗan alawus daga kuɗin ƙungiya, ya duba tanki da bawul kowane mako. Akwai kuma ƙararrawar da ruwan da ke gudu cikin bututu ne ke juya ta, ba ta son lantarki ko batir. A manna ta a bangon waje, ita za ta tada mai gadi da unguwa.

Ba kowace wuta ce ruwa ke kashewa ba, kuma sana'o'in da suka fi haɗari a garuruwan nan suna cikin wannan rukuni. Fetur yana tasowa saman ruwa ya bi shi duk inda ya kwarara, don haka gidan mai kumfa da hoda yake buƙata. Man tuya da ya kama, in ruwa ya taɓa shi tashi yake ya watsu, shi ya sa manyan ɗakunan girki ke da wani ruwan magani na musamman da ke daskarar da saman man. Bankuna da ɗakunan na'urorin sadarwa suna amfani da iskar gas irin su FM-200, wadda ta maye gurbin halon bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987. Gas yana aiki ne kawai a ɗakin da ke rufe ruf har ya riƙe shi kusan minti goma. Shagon da iska ke shiga ta ƙarƙashin kwano da ƙasan ƙofa, kuɗin gas a cikinsa zubarwa ne. Iskar kabon dayoksaid kuwa, a yawan da take kashe wuta tana kashe mutum, bai kamata a kusanto da ita inda yaran shago ke kwana ba.

Abin da ya fi zuwa hannun ƙaramin ɗan kasuwa shi ne na'urorin hoda: tukunyar da ake ratayawa a silin mai 'yar kwalba a bakinta, da ƙwallon nan mai nauyin kilo ɗaya da 'yan kai da ake nuna bidiyonsa a Facebook da TikTok ana jefa shi cikin wuta. Suna da amfani, amma a san iyakarsu. Ƙwallon ba ya fashewa sai harshen wuta ya lashe shi, don haka in an aje shi nesa da inda wutar ta fara, sai ta girma kafin ta same shi. Dukkansu sau ɗaya suke fesawa, cikin daƙiƙoƙi, su kashe harshen wuta amma ba su sanyaya abin da ya ɗau zafi. Katifa da yadi da kwali suna ci a ciki a hankali, in hoda ta lafa sai su sake tashi. Inda suka dace shi ne ƙaramin wuri da aka san nan ne tushen haɗari: ɗakin janareta, saman allon mita, kusurwar inbata da batura. Ga akwatin lantarki ma akwai wani siririn tiyo mai matsi da ake zagayawa a ciki, inda wuta ta taɓa shi nan yake hujewa ya fesa magani. Hoda tana dunƙulewa in ta daɗe, allurar matsi tana sauka, don haka a riƙa dubawa. A bidiyo ana nuna fetur a faranti ne, ba shagon katifa ba.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, sola ta ƙara shiga shaguna: masu cajin waya, masu POS, kemis, masu firij na ruwan sanyi. Alheri ne, amma ya zo da sabuwar wuta. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa in yana caji, yana son wurin da iska ke ratsawa. Batirin litiyam in ya tashi daga cikinsa yake ƙonewa, hoda ba ta tsayar da shi. Abin da ke aiki shi ne a raba shi da kaya, a gina masa ɗan ɗaki na bulo, in da hali a waje. Shagon caji mai wayoyi ɗari a kan katako da soket-soket a jone da juna, ga jarkar fetur ta janareta a ƙarƙashin tebur, babu na'urar da za ta rufa masa asiri. Kuma kada a manta bireka ita ma na'ura ce mai aiki da kanta, kuma ita ce mafi araha. Yawancin gobarar dare a kasuwanninmu ana danganta ta da lantarki: an kawo wuta da ƙarfi bayan kowa ya tafi, ko waya ta yi zafi a inda aka yi mata haɗin gaggawa. Bireka mai daidai da kaurin waya, da kashe babban makunni kafin a rufe shago, sun riga kowane kan feshi. Umarnin kashe wuta kafin barci ma yana cikin ingantattun hadisai, kuma dalilinsa wani gida ne da ya ƙone da dare a Madina.

Saura kuɗi. Kawunan feshin kansu ba su ne masu tsada ba. Tanki da hasumiya da bututun ƙarfe da ladan gwani su ne ke cin kuɗin, kuma sawa a ginin da aka riga aka gama ya fi sawa tun ana gini tsada sosai. Mai shago ɗaya ba zai iya ba, kuma bai kamata ya gwada ba. Amma wuta a shago ɗaya take farawa, don haka tankin da zai kare shago ɗaya shi ne dai zai kare ashirin da ke jere da shi, ƙarin bututu ne kawai. In an raba kuɗin gida ashirin ya zama abin da adashen layi zai ɗauka. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, in ji Hausawa, amma a jerin shaguna rufi ɗaya ne a kan kowa, ruwan ma gara ya zama ɗaya.

A Amurka da Ingila ba tsoron hukuma ne ya yaɗa na'urar da farko ba, kamfanonin inshora ne, da suka riƙa rage kuɗi sosai ga masana'antar da ta sa ta har ragin ya biya aikin. A nan wannan igiya babu ita, domin yawancin 'yan kasuwarmu ba sa inshora, wasu don rashin yarda za a biya su, wasu don shakkar halaccinta. Takaful ta zo don amsa shakka ta biyun. Hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna aiki. Ina ganin ƙungiyar 'yan kasuwar da ta kafa tanki da feshi tana da bakin zuwa a ƙungiyance ta nemi ragi. Ta ɓangaren gwamnati kuwa, kuɗi yana fitowa, amma bayan wuta. Da kasuwar Maiduguri ta ƙone, Gwamna Babagana Zulum ya sanar da tallafin naira biliyan ɗaya nan take, kuma ya kyauta. Sai dai duk tallafin bayan gobara ihu ne bayan hari, kuma ƙaramin kaso daga irinsa zai kafa hasumiyoyi da yawa. Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, amma wanda zai fi tasiri a Tambuwal da Kebbe shi ne mai sa hannu a kwangilar sabbin shagunan ƙaramar hukuma. In ya rubuta bango har kwano da bututu da tanki a cikin takardar kwangila, za a yi su.

Rumfunan kara da zana na ranar kasuwa, da rudun albasa, ba sa cikin wannan lissafi. Babu rufin da zai tara zafi, babu inda za a rataya bututu, iska kuma tana kwashe feshi. Kariyarsu tazara ce tsakanin layi da layi, da ware masu tuya da masu shayi da masu tsire gefe guda, da nisanta 'yan bumburutu daga kowa, da durom na ruwa da yashi a bakin kowane layi.

Ƙungiyar da ta yanke shawarar yin aikin ta nemi injiniyan da zai zana shi da lissafi a rubuce, ba mai gyaran famfo kaɗai ba, ta kuma gayyaci jami'an kashe gobara na jiha su duba zanen. A ajiye kawunan feshi na sauyi da sifanarsu a akwati kusa da bawul, don wanda ya fashe ba ya gyaruwa, sauya shi ake yi. A kuma sa ɗan famfon gwaji a shagon da ya fi nisa da tanki, mai baki daidai da na kan feshi. Ranar karɓar aiki a kawo durom mai lita 200, a buɗe famfon a gaban 'yan ƙungiya, a duba agogo. Ya kamata ƙararrawa ta kaɗa tun durom bai yi rabi ba, ya kuma cika cikin minti uku zuwa uku da rabi. In bai cika ba, kada a biya cikon kuɗin sai an gyara, sannan a riƙa maimaita gwajin duk wata uku, musamman gab da shigowar hunturu.